Ranar da Aka Ce Allah Ya Amsa

Warin albasa ne ya tare ni tun daga bakin zaure, ɗanyen warin nan na albasar da ba a daɗe da tonowa ba, da ƙasa a jikinta. Da na ji shi na san surukar maƙwabciyarmu Inna ta dawo daga saro, in kuwa ta dawo, to akwai labarin Mama.

Shekarata goma sha biyu a lokacin, ina ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, a Illela. Babana malamin makaranta ne da gwamnati ta turo garin, kowa mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman boko a ƙasarmu. Mu kaɗai ne Kirista a unguwarmu. A garin ma gaba ɗaya, in mun taru ranar Lahadi a ɗakinmu, tabarma biyu ta ishe mu: mu uku, da wani ma'aikacin gidan waya, da wata ungozoma da ba ta jin Hausa sosai. Ni kaɗai Allah ya ba iyayena.

Ciwon Mama da kumburin ƙafa ya fara, daga baya numfashi ya riƙa gagararta in ta kwanta. Da bazara ta shigo, likitan garin ya ce a kai ta asibitin mishan da ke gaba da Malbaza. Baba ya tafi da ita. Ni aka bar ni saboda jarrabawar satifika ta matso, aka damƙa ni ga Inna, tsohuwar da katangarta ke manne da tamu. Ba danginmu ba ce, Musulma ce, kuma duk unguwa Inna ake ce mata, har liman.

Ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza a gidanta. Miyata ma ta fi ta jikokinta yawa. Amma in an kira salla gidan duka sai ya tashi, butoci su yi ta ƙara, kowa ya fuskanci gabas, ni kuma in zauna a kan turmin da aka kifar in rasa inda zan ajiye idona. Nakan ƙirga kajin gidan, ko in bi inuwar itacen bedi da kallo har a sallame.

Mama tana da wata irin addu'a da ban taɓa ji a bakin kowa ba. Da godiya take farawa, godiyar abin da bai zo ba tukuna. In damina ta yi jinkiri sai ta ce, “Uba, mun gode da ruwan da ka tanadar mana.” Ina ƙarama na taɓa tambayarta ko wannan ba ƙarya ba ce. Ta yi dariya, ta ce Ubangiji da kansa ya koya mana cewa in mun roƙa mu gaskata mun riga mun samu.

“In na ce zan ɗinka miki riga, jira kike sai kin sa ta kafin ki yi tsalle?”

Na ce a'a.

“To, ni mai mantuwa ma ke nan.”

Da suka tafi, wannan addu'ar na riƙe. Baba ya rataya mini makullin gidanmu a wuya da zare. Kullum in an tashi lakwal da rana, sai in buɗe in shiga, in share ɗakin Mama, in zubar da ruwan tulu in sa sabo don ta tarar da mai sanyi. Sannan in durƙusa a gefen gadonta in ce, “Uba, na gode da ka warkar da Mamata.” Ɗakin yana da shiru irin na rijiya. Muryata takan dawo mini kamar ta wata.

Wata rana Inna ta leƙo ta saman katanga.

“Ke ɗiyar mushe, godiyar mi kike ta yi tun ɗazu? An ba ki wani abu kin hana ni?”

“Allah nake gode wa, Inna. Ya warkar da Mama.”

“Ta warke?”

“Ya riga ya ba mu. Isowa ce ba ta yi ba.”

“To! Ku kam kuna da saurin hannu. Mu sai mun ga tuwo muke wanke namu.” Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Sannan ta dube ni, ta rage murya ta ce, “Allah shi amsa, ɗiyata.”

Sau ɗaya na yi abin da na ɗauka zunubi ne babba. Na buɗe akwatin Mama don zannuwanta su sha iska, na ga wata atamfa shuɗiya mai zanen tsuntsaye, wadda take ɗaurawa ranar Lahadi. Kafin in ankara wani tunani ya gifta mini: in ba ta dawo ba, wannan tawa ce. Na rufe akwatin da ƙarfi har na matse yatsa. Na yi ta rera waƙoƙin sujada ɗaya bayan ɗaya har maƙogwarona ya bushe, wai don in danne tunanin kada ya kai sama. Ba wanda zan gaya wa. Inna ba za ta gane laifin ba, wanda zai gane kuma yana can bakin gadon asibiti.

Surukar Inna, matar babban ɗanta, sana'ar albasa take yi. Duk sati takan je saro can wajen, ta biya ta asibitin ta dubo Mama. Satin farko ta ce Mama ta sha kunu. Na biyu ta ce ta tambaye ni, ta ce in dage da lissafi. Shi ya sa ranar nan, sati na uku, da warin albasar ya buge ni, ban ko sauke jakata ba na nufi ɗakin Inna.

Labulen a sake yake. Na ji muryar Inna tana cewa, “Yaushe?” Surukar ta ce, “Jiya da la'asar.” Ta ƙara wata magana ƙasa-ƙasa da ban kama farkonta ba, ƙarshenta kawai ya iso kunnena: “Allah ya amsa.”

Na ɗaga labulen na faɗa ɗakin da tsalle.

“Inna! Na ji! Ban gaya miki ba? Ban gaya miki ba?”

Su biyun suka zuba mini ido. Surukar ta buɗe baki, Inna ta ɗora hannu a kan gwiwarta.

“Mi kinka ji, ɗiyata?”

“Kun ce Allah ya amsa.”

Inna ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Haka munka ce.”

“Yaushe za su zo?”

“Babanki na bisa hanya, da marece shi iso.”

“Da Mama?”

“Tahi ki share gida, baƙi na zuwa. Lakwal ɗin marece ki bar shi yau.”

A bakin mutanen ƙasarmu, amsa ita ce amsa kira, ita ce kuma karɓa. Na san haka sarai. Kullum a gidan ana ce mini amshi ƙwaryar nan, amshi tsintsiya. Na sha jin tsofaffi a gidan rasuwa suna cewa wanda ya ba da shi ya amsa. Amma sati uku ina jiran kalmar nan da fuska ɗaya, da ta zo kuwa da fuskar da nake jira na gan ta.

Ban taɓa yin farin ciki irin na yammacin nan ba, kuma har yau ban san inda zan ajiye shi ba. Na share gidan tun daga ɗaki har ƙofar waje. Na yayyafa wa tsakar gida ruwa, ƙasa ta tashi da ƙamshi. Na wanke kofin Mama sau biyu. Na yi wanka na sa rigar Kirsimetina, wadda ta fara matse ni a hammata. Na buɗe ƙofar gida wangalau na yi ta waƙa da ƙarfi, abin da ba mu taɓa yi ba, don Baba yakan ce mu rera a hankali saboda maƙwabta.

Lungunmu ya yi tsit. A irin wannan lokacin mata kan fito ɗiban ruwa, a ji luguden daka ta ko'ina, amma ranar ba kowa. Wata maƙwabciya ta zo wucewa da tulu, na ɗaga murya na ce mata, “Mamata ta warke!” Ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, “Allah mai iko,” ta ƙara sauri. Na ga wata ta leƙo ta koma. Na ce a raina ai dama haka ne, murnarmu tamu ce mu kaɗai. Har da ɗan alfahari na ji, wai addu'ar gidanmu ce ta ci.

Rana ta yi ja lokacin da na hango Baba daga bakin lungu. Yana tafe a hankali, tabarmar Mama a naɗe a hammatarsa, kwanoninta ɗaure cikin ɗankwalinta. Na ruga, ina leƙen bayansa.

“Baba, tana tasha? In je in riƙo ta?”

Ya dubi rigata. Ya dubi ƙofar gida a buɗe da ƙasar da na yayyafa wa ruwa. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

“Uwata, me aka gaya miki?”

“An ce Allah ya amsa.”

Babana mutum ne da ko a kan tabarma sai ya kaɗe kafin ya zauna. Ranar a ƙasa ya zauna, nan bakin ƙofa, da wandonsa na aiki. Ya jawo ni jikinsa.

“Ya amsa, uwata. Ya amshe ta.”

An binne ta tun da safe, can kusa da asibitin, saboda zafi. Wannan daga baya na ji. Abin da na tuna shi ne kafin in gama fahimta gidan ya cika da mata, Inna a gaba, ban san daga ina suka fito ba. Wani hannu ya cire mini rigar Kirsimetin, aka ɗaura mini zane.

Na ci jarrabawar, na tafi kwaleji a Konni. Ban daina addu'a ba, amma godiyar nan ta fita daga bakina. In an ce mu rufe ido, sai in rufe in bi bayan kalmomin wasu. Na tabbata a raina cewa an miƙo mana lafiyar Mama, ni ce na saki hannu a kan atamfa shuɗiya. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi, a ɗakin kwanan 'yan mata masu yawa da ba wadda ta san ina ɗauke da komai.

Sai da na shekara huɗu na gaya wa Baba, a wani hutu, yana zaune yana gyaran takardun ɗalibansa. Ya ajiye jan bironsa, ya cire tabarau.

“Kina ganin tunanin yarinya a kan zane ya fi ƙarfin jinƙan Allah?”

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

“Ni ma na roƙa, na kuma gaskata. Ban san dalilin da ya sa bai bar mana ita ba, ba zan kuma ƙirƙiro miki wani ba. Amma ana gobe za ta tafi na ji tana godiya. Na ce mata godiyar me? Ta ce tana gode masa da ya raya mata ke har kika girma.”

Ya mayar da tabaraunsa, amma bai ɗauki biron ba.

A hankali na koma yin godiya, kamar mai taka ƙafar da ta taɓa karyewa. Har yanzu ina roƙo, ina kuma gaskatawa. Sai dai in na ce Allah ya amsa, nakan ji kalmar da nauyinta duka biyu, ban kuma ƙara tsammanin na san wanne zai zo ba.

Ina aikin koyarwa aka aiko mini Inna ta rasu. Na je Illela gaisuwa. Surukarta, wadda ita ma ta fara furfura, ta zaunar da ni kusa da ita, muka yi ta tuna da. A nan ta gaya mini cewa ranar nan, ina fita daga ɗakin, Inna ta tashi ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta bi gidajen lungunmu ɗaya bayan ɗaya cikin tsakar rana. Ta ce matar mushe ta rasu, amma kada wadda ta yi kuka a ji, kada wadda ta shigo gaisuwa, kada a gaya wa yarinya komai sai ubanta ya iso. Daga nan ta ɗauki kujerarta ta zauna a bakin lungu, inda ba na hango ta, tana mayar da masu zuwa ta'aziyya har Baba ya wuce ta gabanta.