Karen da Aka Ɗaure Wa Itacenmu

Maƙwabcina a nan birni ya kawo kare makon jiya. Ban ma gan shi ba tukuna. Na zo wucewa ne ta ƙofar gidan, sai na ji gurnaninsa daga ciki, irin gurnanin nan na ƙasa-ƙasa da ke fitowa daga ƙirji kafin haushi ya biyo baya. Ni da nake da jikoki, sai da na tsaya na dafa bango. Bari in gaya maka dalili.

A ƙauye na taso, tsakanin Rimin Gado da Bici, inda gona ke manne da gona, babu wani daji da mutum zai shiga ya yi itace. Kowace bishiya da mai ita. Ɗorawar nan ta wane ce, gawon can na gidan su wance ne, ko reshe ya faɗo an san wanda zai ɗauka. A shekarar lafiya wannan bai dami kowa ba, domin karan dawa da na gero shi ke riƙe murhu har wata daminar. To, sai aka shiga shekarun fari. Dawa ta tsaya iya gwiwa ta bushe, ba hatsi ba kara. Ɗan abin da ya rage dabbobi suka cinye. Mata suka koma tsintar kashin shanu da ƙirare, ga motoci kuma suna zuwa daga birni neman itace. Abin da ake tsallakewa a da ya zama abin ɓoyo.

Mahaifina ya tafi kudu cin rani bai dawo ba tukuna. Gidan ya rage daga kakana, wanda kowa ke kira Malam, sai kakata, sai mahaifiyata, sai Baffa ƙanen mahaifina, sai mu yara. Abin da ya tsaya mana a shekarar nan wata tsohuwar kirya ce da ta bushe a gonar da kakata ta gada. Baffa ya yi kwanaki yana faskara ta, tafin hannunsa duk ya fashe, aka jibge itacen a bayan gida jikin danga. Duk ranar kasuwa a ɗauki dami ɗaya a kai, a dawo da ɗan garin rogo ko tsakin masara. Ina yarinya, amma na gane cewa tuwonmu ne jibge a wurin. 

Sai aka fara ɗiba. Ba da yawa ba, faskare uku yau, huɗu jibi. Kakata ce ta fara lura, don ta san itacen nan kamar yatsunta. Baffa ya zuba ƙaya a kai, aka janye ta. Ya yayyafa toka don ya ga sawu, aka share da tsintsiya. Ran nan ya rantse a gaban kowa cewa duk wanda ya kama sai ya ɗora masa itacen a ka ya zaga gari da shi kafin ya kai shi gaban dagaci. Washegari ya tafi wurin wani maharbi abokinsa ya dawo da kare.

Malam bai so ba ko kaɗan. Ya ce gidan da ake karatu ba a zama da kare a cikinsa, kuma ba zai yarda ya lasar masa ko buta ba. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ya yarda a kafa masa turke a waje, bayan danga, kusa da itacen. Kare ne ja, ramamme, kunnensa ɗaya a yage, idonsa kamar garwashi. Ba ya yawan haushi. Kallonka zai yi kawai, ya ɗage leɓe, sai ka ji gurnanin nan.

Ni aka ɗora wa kai masa abinci, don ni ce babba a cikin yara. Jiƙaƙƙen ƙanzo ne a wani fasasshen kasko, wani lokaci ruwan wanke tukunya kawai. Nakan tsaya daga inda igiyarsa ta ƙare in buga kaskon da tsinke, sannan in tura masa shi da sanda. Ya yi mako guda a gidanmu ban taɓa yarda inuwata ta taɓa tasa ba. Ko bayan gida zan zaga sai na yi doguwar hanya. Amma sata ta tsaya cak, Baffa yana ta yabon kansa.

Abin ya faru ne ranar Juma'a da rana tsaka. Maza duk sun tafi masallacin Juma'a a Rimin Gado, mahaifiyata ta tafi gaisuwar mutuwa da ƙannena. Daga ni sai kakata, wadda ciwon gwiwa ya zaunar da ita, ba ta tashi sai da sanda. Ina tsince mata tsakin masara a faifai sai muka ji turke ya yi ƙara, sai ihu. Ihun babban mutum ne, kuma muryar mace.

Kakata ta yunƙura ta koma ta zauna. Ta dube ni ta ce, “Ke kaɗai ya sani. Ɗauki kaskonsa ki je.”

Na ce ba zan iya ba. Ban taɓa yi mata musu ba sai ran nan. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce in ban je ba zai kashe mutum. Na zuba sauran kunun da ke cikin ƙwarya a kaskon, rabi ya zube a ƙafata, na zaga bayan danga.

Karen ya tumɓuke turken gaba ɗaya, igiyar tana jan ƙasa. Ga mace kwance a kan tarin itace, ya kama ta a ƙwauri yana girgiza kai, ita kuma tana dukansa da hannu, muryarta ta riga ta dushe. Da ta juyo na ga fuskarta, sai tsoro na biyu ya hau kan na farko. Tsohuwar gidan gabas ce, maƙwabciyarmu, ƙawar kakata tun suna amare. Ita ke yi mini kitso. Ita ke ajiye mini goruba.

Ban san sunan da zan kira karen da shi ba. Na buga kaskon da tsinke yadda na saba, sau ɗaya, sau biyu. Ya saki ƙafar ya juyo, bakinsa jina-jina, ya nufo ni a hankali. Ba igiya tsakaninmu yanzu. Na ji fitsari yana bin cinyata. Na ajiye kaskon a ƙasa na runtse ido, ina jin numfashinsa mai zafi a kan yatsun ƙafata. Sai na ji yana lasar kunu. Na laluba bakin igiyar, na naɗa ta a jikin tushen wata giginya da aka sare, na yi ta ƙullawa har ban san adadin ƙullin ba.

Da ƙyar na ja tsohuwar zuwa ɗakin kakata. Kakata ba ta tambaye ta komai ba. Ta sa na ɗora ruwa, ta wanke ciwon da ruwan zafi da gishiri, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta yaga gefen tsohon zanenta ta ɗaure. Tsohuwar ce da kanta ta fara magana, kanta a ƙasa. Ta ce matar ɗanta ta haihu kwana ashirin ke nan, mijin yana kudu ba labari, kuma itacen wankan jego ya ƙare tun kafin suna. Ta ƙona turminta, ta ƙona ƙyauren ɗakinta. Da aka kawo kare ta haƙura, amma kwana uku ke nan mai jego ba ta ga ruwan zafi ba, jikinta ya fara kumbura. Ta zaci da rana karen barci yake.

Kakata ta ce, “Da kin tambaye ni.”

Tsohuwar ta ce, “Na san abincinku ne. Da wane baki?”

Na raka ta gida ta cikin gonaki tana dafa kafaɗata. Da na dawo kakata ta sa na zuba ƙasa a kan jinin, amma ban rufe shi duka ba. Baffa na dawowa ya ga turke a tumɓuke, ya ga ɗigon jinin da ya nufi gabas. Ya kira ni, ya tsugunna daidai fuskata, ya tambaye ni wa na gani. Na san rantsuwar da ya yi. Na san kuma Malam ya koya mana makomar maƙaryaci. Na tsaya ina kallon gatarin da ya ɗauko ya rataya a kafaɗarsa.

Daga cikin ɗaki kakata ta ce, “Rabu da yarinya. Kiryar tawa ce, ni na ce a zo a ɗiba, na manta ban faɗa maka ba.”

Baffa ya san ba haka ba ne. Malam ma, da ke tsaye a bakin zaure, ya sani. Ya daɗe yana jan carbinsa, sannan ya ce wa Baffa ya mai da karen wurin mai shi kafin magariba. Daga ran nan kullum da hantsi nakan ɗauki faskare huɗu in kai gidan gabas a fili, kowa yana gani, har mai jego ta yi arba'in. Mun rage cin abinci a kwanakin, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Tsoron bai tafi tare da karen ba. Na ji manya suna raɗa cewa in karen mahaukaci ne, wanda ya ciza kan fara gudun ruwa. Duk sanda na kai itace sai na laɓe in ga ko tsohuwar za ta sha ruwa. Ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, ta yi makonni a kwance, amma Allah ya tashe ta. Da ɗingishi ta ƙarasa rayuwarta, tana cewa kututture ne ya yanke ta a gona.

Yanzu in na je ƙauyen ba na ganin tarin itace a bayan gidan kowa. Gawayi ake saye a leda, masu hali kuma gas, bishiyoyin da na sani da sunayen masu su yawanci sun tafi. Duk waɗanda suka san abin da ya faru ran nan sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage. Jaririn da aka yi wa uwarsa wankan yau magidanci ne mai furfura, yana noman rani a Watari. Bara da na je ya aiko mini da kwandon tumatir, ya zo gaishe ni, muna hira ya ce ya tuna kakarsa da ɗingishinta, ya tambaye ni ko na san wace gona ce kututturen ya yanke ta. Na ce masa gonarmu ce, kuma kakarsa jaruma ce.