Ranar da aka kai ni ƙara wurin Kawu saboda kaset

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun casa'in, ina sakandare muna zaune a unguwar Hindawiyya a Jidda, na kamu da son wani kiɗa da ko ni kaina ban iya bayaninsa ba. Yayan abokina ne ya jawo min. Yana karatu a Amurka, duk hutun da ya zo Jidda sai ya taho da kaset-kaset da ya naɗa daga rediyon jami'arsu. Wai ɗalibai ne ke tafiyar da tashar, suna saka waƙoƙin rok ɗin da manyan tashoshi ba sa kulawa da su. Jita tana ƙugi kamar injin walda, mawaƙi kuma kamar wanda aka tasa daga barci aka ce dole sai ya yi waƙa. Turancina a lokacin bai wuce na tambayar hanya ba, amma haka nake kaɗa kai ina jin ni ma na waye.

Gidanmu ba gidan kiɗa ba ne. Mahaifina tela ne a Balad, tsohuwar kasuwar garin, rikodarsa ba ta san komai ba sai karatu da wa'azi. Don haka da na aro kaset ɗin da na fi so, sai wayona ya ba ni in ɓoye shi a cikin kwalin wani kaset ɗin tafsiri da na ga an daɗe ba a taɓa ba.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci muka yi baƙi, dattawa 'yan umra daga garinsu Baba. An ci abinci, ina zuba musu shayi, sai na ji Baba yana cewa, "Bari in sa muku wani malami, za ku ji daɗinsa." Ina waigawa na ga kwalin a hannunsa. Kafin in ajiye butar shayi ya riga ya sa kaset ɗin. Ya danna, jita ta kwarma ihu, mawaƙin ya biyo baya da kururuwa. Wani tsoho ya saki kofi yana a'uziyya, wani kuma ya ce, "Alhaji, ko rikodar ce ta lalace?"

Baba bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Bayan baƙi sun tafi ya ce, "Halas. Ba zan sabunta maka iƙamar zama a ƙasar nan ba. Gida za ka tafi wurin baffanninka." Gidan da yake nufi Najeriya ce, ƙasar da ban taɓa takawa ba. A nan aka haife ni, Hausata ma rabinta Larabci ne. Kuma Baba ba ya magana biyu.

Sai mahaifiyata ta ce a hankali, "Alhaji, kafin nan a kai shi wurin Yaya mana."

Na dube ta ina mamakin abin da na yi mata. Kawu yayanta ne, yana aiki a wani ofis a unguwar Bagdadiyya, kuma duk dangi shi ake tsoro. Ga gemu, ga riga iya ƙwauri, in ya shigo gida har manya sai su rage murya. Mun san dai kamfaninsu ya taɓa tura shi karatu waje yana saurayi, amma ba wanda ya taɓa jin ya ba da labarin can.

Washegari bayan La'asar Baba ya tasa ni gaba. Ya zayyana wa Kawu komai, ya miƙa masa kaset ɗin da 'yan yatsu biyu kamar mushen ɓera. Kawu ya juya shi, ya ce, "Bar min yaron, zan dawo maka da shi." Ya dube ni. "Yalla, shiga mota."

Ya ja mota har muka isa bakin teku. Ya tsaya, ya tura kaset ɗin cikin rediyon mota. Na sunkuyar da kai ina jiran saukar mari. Waƙa ta yi nisa ban ji marin ba. Da na saci kallonsa sai na ga idonsa a rufe, ɗan yatsansa yana buga sitiyari daidai da ganga.

Ya mayar da kaset ɗin baya, ya sake saurara, ya yi tsaki. "Wa ya naɗa wannan? Ya yanke farkon waƙar. Kuma yaran nan ba su kawo sabon abu ba, salon jitar nan tun zamaninmu ake yin sa."

"Zamaninku, Kawu?"

Sai ya gyara murya, ya saki wani Turanci mai santsi, irin na masu gabatar da shiri, da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba. Na matsa jikin ƙofa, don har ga Allah na ɗauka ko aljani ne ya shige shi.

A nan ya ba ni labari. Ya ce farkon shekarun tamanin da ya je can, sanyi da kaɗaici suka kusa haukata shi. Akwai tashar rediyon ɗalibai a wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene, suna neman wanda zai riƙe shirin safiyar Lahadi, lokacin da kowa ke gudu. Ya karɓa don ɗakin yana da ɗumi. A haka ya san kiɗan, ya so shi, har aka san shi da shi. Wani lokaci sai ya jefa kiɗan kukuma ko garaya a tsakiyar waƙoƙin rok, Turawa su yi ta buga waya suna tambayar wace sabuwar ƙungiya ce wannan.

Na ce, "To Kawu, me ya sa ka bari?"

Ya ce, "Ranar da kakanka ya rasu ina cikin ɗakin nan, ƙofa a rufe, shiri yana tafiya. Waya ta zo daga Jidda, abokan aikina suka ce a bari in gama tukuna. Ina ta raha da mutanen da ban sani ba, a nan ana ɗaukar mahaifina zuwa makwancinsa. Tun daga ranar kunnena ya ƙi kiɗa." Ya cire kaset ɗin ya ajiye min a cinya. "Ba fatawa nake ba ka ba. Amma kwalin tafsiri ba wurin ɓuya ba ne, kuma ka kunyata ubanka a gaban baƙinsa. Za ka durƙusa ka ba shi haƙuri. Sannan duk Alhamis ka zo in koya maka Turanci. Ka san abin da mutumin nan yake wa ihu? Karensa ne ya ɓata."

Da muka koma ya ce wa Baba, "Na yi masa magana. Maganar tafiya a bar ta, yaron yana hannuna." Baba ya ga yadda fuskata ta yi fari fat, ya tabbata na sha wuya, ya haƙura. Turancin da na koya a falon Kawu shi nake ci da shi har yau.

Ban faɗa wa kowa ba sai bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Ana zaman makoki na keɓe da mahaifiyata na ce, "Umma, akwai wani abu game da Kawu da ba ki sani ba." Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta yi dariya da hawaye a idonta. "Kai yaro ne. Wa kake tsammani yake shiga Balad yana sayo masa kaset ɗin kukumar ana aika masa?"

Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Mukan ɗauka manyanmu haka aka haife su, da tsufansu da tsare gidansu, alhali kowannensu ya yi wata rayuwa kafin mu zo, kuma ba mu cika tambaya ba. Ni na yi shekaru ina zama gaban Kawu, ban taɓa tambayarsa ko akwai naɗin shirin nasa ba. Umma ce na tambaya a ranar makokin. Ta ce ya taɓa aiko mata guda ɗaya, ta yi ta saurara a ɓoye har zaren ya tsinke.

Na ce, "Umma, ai ke ba kya jin Turanci."

Ta ce, "Ko kalma ɗaya. Amma muryar Yayana ce, kuma a ciki yana dariya."