Azahar a Bakin Get

Sanda mutumin Ƙauran Namoda ne, amma duk mai bin hanyar Mando da safe ya san farar bas ɗin da yake ja, ko da bai san sunansa ba. Bas ce ta ɗaukar ma'aikatan wata hukumar gwamnati. Da sassafe zai shiga harabar hukumar ya fito da ita, ya faro daga Malali, ya ratsa Unguwar Sarki, ya tsaya Kawo, ya kwaso mutanensa har ƙofar ofis. Ya san wadda sai an yi mata hon kafin ta fito tana gyara mayafi, ya san wanda kullum sai ya biyo motar da gudu da ƙosai a leda.

Ya daɗe a wannan aiki, har gemunsa ya fara furfura a kan sitiyari, amma har yanzu ɗan wucin gadi ne. Ba takardar dindindin, ba fansho, ba ƙungiya. Ya taɓa tambayar Malam Datti, ciyaman ɗin ƙungiyar ma'aikatan wurin, ko za a karɓe shi. Datti ya dafa kafaɗarsa ya ce dokar ƙungiya ta masu takarda ce, ya ƙara haƙuri, ana kan maganarsu.

Wuri guda ne Sanda ke shiga gaban kowa. Ya yi karatu a gida kafin ya koyi mota, kuma yana da murya. Da tsohon limamin ƙaramin masallacin ofis ya yi ritaya, sai wata rana aka tura Sanda gaba, daga nan kuma ba a sake neman wani ba. Azahar da la'asar, darakta da masinja duk bayansa suke tsayawa. Sagir na sashen sito, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya sa masa Liman Mai Sitiyari.

Da ƙungiya ta shiga yajin aiki kan ƙarin girman da aka daɗe ana ja musu rai a kai, Sanda ya zauna a gida kamar kowa. Ba wanda zai ɗauka, me zai je yi? Kwanakin farko har daɗi ya ji, ya gyara ƙofar banɗaki, ya kai 'yarsa Harira makaranta da kansa. Sai wata safiya sakataren Darakta ya kira shi.

"Oga ya ce in faɗa maka, yajin aiki na 'yan ƙungiya ne, ku ba ku ciki. Duk ɗan wucin gadin da bai nuna fuskarsa yau kafin a tashi ba, ya kawo makulli. Akwai masu jira."

"Ai an rufe get, yallaɓai."

"Ƙaramar ƙofa na nan. Ado maigadi na ciki, ka ƙwanƙwasa."

Dije, matarsa, tana tankaɗen gari a tsakar gida, ta ji komai. Ta bar shi ya shiga ɗaki ya fito, ya ɗauki hula ya ajiye, ya sake ɗauka, sannan ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Baban Harira, wannan zirga-zirgar fa? Ka tafi mana."

"Ke ba ki san mutanen nan ba. Su suka cika ƙofar gidan nan ranar sunan Harira."

"Sun ci tuwo sun tafi. In an gama yajin, kujerunsu na nan suna jiransu. Kai mi ke jiranka?"

Ya sa makullin bas a aljihu ya fita.

Ya hau keke mai ƙafa uku na haya daga Kawo. Da suka iso daidai hukumar ya buɗe baki zai ce a tsaya, sai ya ga get ɗin: sarƙa da ƙaton kwaɗo, ɗanyen ganyen darbejiya an soke a jikin ƙarafuna, kwalaye a jingine da bango, mutane a kan benci a inuwa. Duk ya san su, har wurin zaman kowa a cikin bas. Ya sunkuyar da kai ya bar keken ya wuce da shi har shataletalen Mando.

Can ya zauna wurin mai shayi, ya sa aka haɗa masa, ya bar shi ya huce. Ya tashi ya dawo da ƙafa ta ɗaya gefen titi, ya laɓe bayan wata tirela yana leƙe, ya koma. Ya fiddo waya zai kira Malam Datti, ya mayar. Ya tuna ƙanensa da ke garin nan ba aikin yi, ya tuna yadda direbobi ke zaune a tashar Kawo suna jiran wani ya yi rashin lafiya a ba su mota ta yini. Sannan ya tuna fuskar Hajiya Safiya ta ofishin kuɗi, mai zama gidan gaba, wadda ba ta taɓa sauka ba ta ce masa sannu da aiki ba. Rana ta yi tsaka yana tsakanin mai shayi da tirela.

A nan dabara ta faɗo masa. Masallacin ofis yana ciki, su da kansu suka rufe shi. In azahar ta yi dole su tsallaka masallacin gidan mai, matan kuma su nemi inuwa. Get zai zama ba kowa. Zai ƙwanƙwasa, ya shige, ba wanda zai haɗa ido da shi. Ya yi alwala wurin mai shayi don ya yi tasa sallar a ciki, ya jira har ya ji kiran salla, ya ƙara ɗan jinkiri, sannan ya taho da sauri ta jikin bango.

Abin da bai sani ba shi ne, jiya da azahar wasu manya sun sulale ciki ta wannan hanya, don haka ƙungiya ta yanke ba mai barin bakin get. Yana shan kwana ya gan su. Sun shimfiɗa tabarmi da kwalaye daga bakin kwalta har jikin get, sun yi sahu, gabas ta sa duk suna fuskantar ƙofar. Wurin liman ba kowa. Ana ta turereniya, wannan ya ce wancan ya shiga, wancan ya ce shi ba ya wuce ƙananan surori.

Sagir ne ya fara hango shi.

"Allahu akbar! Ga Liman Mai Sitiyari! Wallahi na ce muku ba zai bar mu ba."

"Ga shi har da alwalarsa, dubi gemunsa!"

"Liman, bismilla, bismilla. Da Sagir za mu bi, Allah ya cece mu."

Malam Datti ya taso da kansa ya kama hannunsa da hannu biyu. "Sanda, kai da ba ka cikin ƙungiya ka zo ka tsaya da mu? Allah ya yi maka albarka."

Sanda ya so ya yi magana, amma wani ya riga ya fara iƙama, kuma ba a tsayar da iƙama don a yi bayani. Ya cire takalminsa a bakin kwalta, sahu ya tsage masa, ya wuce gaba. Da ya tsaya, ƙaramar ƙofar na gabansa, in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Ta tsakanin ƙarafuna yana ganin farar bas ɗinsa a ƙarƙashin bishiya, ganye ya zube a gilashinta. Yana kuma ganin benen ofis, da tagar Darakta a buɗe.

Ya yi kabbara. Azahar ba a bayyana karatu, sai shi da zuciyarsa da ƙarar tireloli. Bai taɓa jin salla ta yi masa tsawo haka ba, bai kuma taɓa ƙin son ta ƙare haka ba. Da ya duƙa ruku'u makullin ya yi ƙara a aljihunsa, ya ji kamar har sahun ƙarshe an ji.

Ya yi sallama, ya juyo ya fuskance su kamar yadda liman ke yi.

"Liman," in ji Datti, "a yi mana addu'a. Allah ya ba mu nasara a kan mutanen can."

Sanda ya ɗaga hannu. Ya roƙi Allah ya warware wannan al'amari, ya ba kowa hakkinsa, ya rufa wa masu iyali asiri. Aka shafa. Kafin kowa ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana. Ni ba salla ta kawo ni ba. Shiga na zo yi."

Ya faɗa musu abin da sakatare ya ce, bai ƙara ba bai rage ba, har da lissafin da ya yi na cewa zai tarar ba kowa.

"Kai!" Sagir ya ce. "To mu yanzu sallarmu ta yi kuwa?"

"Ta yi mana, ai ba alwalarsa ce ta karye ba," wani ya amsa daga baya, amma ba wanda ya yi dariya.

"Mu muna nan rana na dukanmu, har da ku muke wa faɗa," wani saurayi ya ce da zafi, "kai kuma ka zo ka bi ta bayanmu."

"Ta gabanku ya bi," in ji Hajiya Safiya daga kan benci inda mata ke zaune. "Ciyaman, ku bar hayaniya. Ka faɗa masa gaskiya, in an kore shi wa zai tsaya masa?"

Sanda ya dubi Datti. "Abin da nake son ji ke nan, ranka ya daɗe. In ka ce in zauna, ƙungiya na bayana, wallahi ga tabarma, na zauna."

Datti ya daɗe yana murza carbi. Mutum ne mai son a ce ya iya magana, amma yau a hankali ta fito.

"Zan yi magana a kanka, wannan na iya. Amma ba zan yi maka alkawari a kan tabarmar salla ba. Takarda ba ta san ka ba, Sanda." Ya juya ga sauran. "Kada wanda ya taɓa shi. Ba mu da ikon hana shi, ba namu ba ne."

Sanda ya miƙe. Sai a lokacin ya tuna takalminsa na can bakin kwalta, bayan sahu duka. Ya tsaya yana duban tazarar. Wani dattijo a sahun ƙarshe ya ɗauko su ya miƙa wa na gabansa, na gaba ya miƙa wa na gaba, har suka iso hannun Sagir. Sagir ya ajiye su a gabansa bai dube shi ba.

Ya ƙwanƙwasa. Ado ya buɗe, ya shiga, aka mayar da sakata.

A sama sakataren ya ɗago ya gan shi, ya ce, "To, an gan ka. Je ka zauna wurin mota." Shi ke nan. Bas ba ta da hanyar fita, babban get na da kwaɗon ƙungiya. Sanda ya ɗebo ruwa a bokiti ya wanke ta ciki da waje, ya share ƙarƙashin kujeru, ya duba mai da ruwan inji, ya tayar da ita ya kashe. Ya zauna a kujerarsa, ya sauko, ya zagaya, ya sake hawa.

Da la'asar ya ji ana jan tabarmi a waje. Turereniyar ba ta yi tsawo ba wannan karon. Muryar Malam Datti ce ta yi kabbara. Sanda ya tsaya da buta a hannu yana tunanin ko ya matsa jikin get ya bi su daga ciki, sai ya ga in ya yi haka yana gaban liman ke nan. Ya wuce masallacin ofis, ya kakkaɓe ƙurar da ta taru a dardumar gaba, ya yi iƙama da kansa, ya yi sallarsa shi kaɗai.

Aikin bai kuɓuce masa ba. Har yau shi ke jan farar bas ɗin, har yau kuma ɗan wucin gadi ne.