Mutumin da Ba Shi da Abin Rantsuwa

Shekarar da doyarmu ta gonar Kwandere ta fara ɓacewa a ɗakin ajiya, 'yan haya uku ne a gidanmu na Lafiya: wani malami mai ɗinkin hula, wani ɗan ƙabilar Eggon mai zuwa coci, sai tsohon soja mai gyaran keke da muke ce wa Kofur. Ni ba mai fita ba ce, amma zana ba ta tare magana, kunnena kuma lafiyarsa ƙalau.

Kofur mutum ne mai fara'a, shi ke liƙe mini bokiti in ya huje. Sai dai tun da ya dawo daga yaƙin Bama ya ajiye salla, cocin ma bai shiga ba. Kullum bayan la'asar suna musu a zaure. Malam ya ce ɓarawo ko ya tsira a nan, kabari na jiransa. Mai coci ya ce a ƙauyensu ba a ma kai kabari, ciki ke kumbura. Kofur ya yi dariya.

"Malam, na binne mutane da hannuna, nagari da mugu. Ban ji wanda ya yi ihu ba. Hukunci dai bulalar alƙali ce, in an kama ka."

Wannan "in an kama ka" ta tsaya mini a rai. Na kai wa maigida.

Maigida ya tara su, ya ce kowa ya rantse, wanda ya ƙi ya bar gidan. Malam ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Mai coci ya dafa nasa littafin. Aka zo kan Kofur, aka rasa abin miƙa masa.

"Maigida, ban ɗauki doyarka ba," in ji shi. "Bakina kawai gare ni."

"Haba Kofur, dafa ɗaya mana, ko don ɗakinka!" na ce daga bayan zana.

"Uwargida, ba na tsoron ko ɗaya. In na dafa, na yaudare ki."

Ya ɗaure kayan aikinsa a keke, ya koma wajen garin Shabu.

Ba a daɗe ba doya ta sake raguwa. Maigida ya ce ai Kofur ya san hanyar gidan. Wataƙila. Ni dai daga ranar, in biyun nan sun wuce, ta ƙofar zana cikinsu nake leƙawa. Har muka rabu babu wanda ya kumbura.