Hannun Hagu a Bakin Akushi

Ranar wata Laraba ce da hantsi, cikin damanar shekarar 1978, tifar kamfani ta shigo farfajiyar gidan marayun da na tashi a ciki, can bayan unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. Kada ku yaba mini da riƙe shekara, ni da lissafi ba mu taɓa shiri ba. Ƙanena Arzika ne ya faɗa mini daga baya, don shi ne ɗan bokon gidanmu. Abin da ni na riƙe shi ne an yi ruwa da asuba, ƙasa tana ta ƙamshi, ni kuma ina saman dogon yaro inda na hau don gudun shara. Arzika yana ƙasa riƙe da tsintsiyata, yana yi mini gadi. Daga nan sama na ga ana sauke dogayen tebura da bencina, sai waɗansu kwalaye masu ƙara in an motsa su. Na ce a raina gwangwanayen madara ne, na diro har na gurje gwiwa. Da aka farke kwalin farko, sai ga farantan ƙarfe suna walƙiya, kowanne da cokalinsa.

Mu biyu aka kawo gidan daga wani ƙauye na bakin gulbi, bayan amai da gudawa sun ɗauke mana uwa da uba cikin damana guda. Kawunmu ya riƙe mu har kaka, da rumbunsa ya gaza sai ya kai mu ofishin walfiya, masu kula da marasa galihu, yana magana yana kallon ƙasa. Ni a lokacin na yi wayo, Arzika kuwa bai daɗe da yaye ba. Tun ranar da muka bar ƙauye ya rage magana, sai dai ya kama gefen rigata duk inda zan je, har makewayi sai ya jira ni a bakin ƙofa. Mai kula da gidan wata gajeriyar tsohuwa ce, Inna Kulu, kullum da goro a kunci da tsumagiya a hammata, ita ce ta sa mana suna akuya da ɗanta. Mai dafa mana abinci kuma Mama Rahila ce, mutumiyar wajen Jos, mijinta kafinta ne a gari. Ita ba ta duka, sai dai ta dube ka kawai ka ji dama an doke ka.

Aiki ba ya ƙarewa a gidan. Da safe ɗiban ruwa a rijiya, mu ja guga har tafin hannu ya yi kanta, sannan shara, sannan a kora mu firamare. Ni dai makarantar nan na kai aji uku, kuma ajin ukun ma taga na fi sani da allo. In shinkafa ta fara nuna sai a kwashe mu manya zuwa gonar gidan a fadamar Zauro korar tsuntsaye, mu wuni muna kaɗa gwangwani muna ihu, ƙafafu cikin taɓo. Can na koyi gasa fara da kamun tarwaɗa da hannu, ilimin da ya fi zama mini a ka. Da la'asar mu yi langa ko mu buga tamolar tsumma a gindin tsamiya. Amma duk wannan hayaniya ce kawai. Da an tashi daga wasa sai ka ga 'ya'yan unguwa ana ƙwala musu kira ɗaya bayan ɗaya, wannan uwarsa, wancan yayarsa, har fili ya rage sai mu. Mu ƙararrawa ke kiranmu, kuma ƙararrawa ba ta san sunan kowa ba.

Wuri ɗaya ne muke jin kamar muna da gida, shi ne bakin akushi. Inna Kulu tana da manyan akusa baƙaƙe na itace, tun na aurenta, a ciki ake zuba mana tuwo. Ta raba mu rukuni-rukuni, kowane akushi da manyansa da ƙanana, kuma ba a canja wa mutum akushi. Akwai ƙa'ida. Babba ne ke fara sa hannu da bisimilla. Kowa ya ci gabansa. In an ci sa'a akwai busasshen kifi a miyar sure, ba mai taɓa shi sai babba ya gutsuttsura ya tura wa ƙanana nasu. Ƙaramin cikinmu kuma shi ke riƙe bakin akushi da hannun hagu don kada ya yi ta yawo a ƙasa, ladansa shi ne suɗi. A akushinmu Arzika ne mai riƙewa. Yaron da ba ya magana, da ya dafa bakin akushin nan sai ka ga ya miƙe zaune kamar an naɗa shi sarauta. In na kai hannu gaban wani, don halina ne, sai ya ce, "Yaya, gabanka." Wani lokaci kalmar da zai faɗa ke nan a wuni.

To, kamfanin nan titi suke shimfiɗawa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, kuma sun saba kawo mana buhunan shinkafa da barguna in salla ta matso. Wata rana manajansu, wani dogon Bature mai jan wuya, ya zo da kansa ya iske mu tsugune a ƙasa, hannuwa rututu cikin akushi ɗaya. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Shi a ganinsa rashi ne ya sa muke ci haka, bai san ko a gidan attajiri haka ake ci ba. Ya yi wa tafintansa magana a hankali, tafinta ya ce wa Inna Kulu wai daga yanzu kowane yaro zai sami nasa rabon, ba mai cinye na wani. Inna Kulu ta yi godiya har ƙasa. Da suka tafi Mama Rahila ta ce mata, "Inna, da kin gaya masa." Ita kuma ta tofar da goro ta ce, "Mutum ya kawo maka alheri, ka ce mashi bai iya ba? Ba da bakina ba." Farantan da na gani daga kan dogon yaro, amsar hawayen Baturen nan ce.

Aka jera tebura a rumfa, na manya daban, na ƙanana daban, don bencin ƙanana gajere ne. Aka kife akusa a ɗakin ajiya. Ranar farko dariya muka sha, tuwo yana zamewa daga cokali, miya tana bin haɓa, ni kuwa na gano cokali ya fi kyau da harba ƙwallon tuwo a ƙeyar na gaba. Sai da na waiga teburin ƙanana dariyar ta tsaya mini. Arzika yana zaune, ya kama bakin farantinsa da hannun hagu gam, hannun damansa a cinya, yana jiran babba ya fara. Ba babba a farantin. Har aka tashi bai ci ba. Daga ranar sai na riƙa ɓoye nawa a cikin riga, farantin da zafinsa a kan cibiya, in ja shi bayan ɗakin girki mu juye biyun wuri ɗaya mu ci. Mama Rahila ta gan mu, ta juya baya ta ci gaba da wanke tukunya. Inna Kulu ma ta sani, sai dai takan ɗaga murya don mutane su ji, "Kai Labbo, mi kaka ɓoyewa cikin riga kamar mai cikin wata tara?" Ba ta taɓa ɗaga rigar ba.

Da damana ta zagayo sai alherin kamfani ya ƙaru. Suka gina sabon gida a Argungu, na bulo da siminti, da famfo da gadaje da aji a ciki, aka ce na ƙananan yara ne don su fara karatu da wuri. Mu da muka yi tsawo aka ce mu zauna inda muke. Na yi rantsuwa ni ma ƙarami ne, na rage tsawo da lanƙwasa gwiwa a layi, ma'aikacin walfiya ya dube ni ya ce in miƙe kafin ya miƙar da ni. Ranar tafiya sai da aka ɓamɓare yatsun Arzika daga rigata. Bai yi kuka ba. Ta bayan mota yake kallona har suka sha kwana.

Bayan tafiyarsa gidan ya yi mini faɗi. In tafi Zauro in dawo ba mai kama mini riga, in hau bishiya ba mai gadi a ƙasa, har tsiyar ma ta daina yi mini daɗi, don ba wanda zan waiga in ga ko ya gani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaron nan ba zai ci abinci ba. Na san shi. Zai kama bakin faranti ya yi ta jira har ya mutu, mutanen Argungu kuma ba su san dalili ba. Kowa na tarar sai na faɗa masa haka. Mama Rahila takan ɗauki farantina ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Ɗana, naka fa?" In ce mata cikina ne ba daɗi. Wandona ya fara zamewa, na ƙara masa igiya.

Wata Juma'a na shiga ɗakin ajiya na ɗauko akushinmu, na san shi da wata tsaga a baki, na sa a buhu na fita titi. Wani direban tifar kamfanin, Bitrus, wanda nake wanke wa taya yana ba ni rake, ya ji inda za ni ya ce, "Ɗan ƙane, in an tambaye ni ban gan ka ba. Hau baya, ka riƙe da kyau." Haka na tafi Argungu zaune a kan tsakuwa, buhu a ƙirji, ina ta shirya yadda zan iske shi ya rame, in zuba masa, in ce bisimilla, ya ci.

Na isa ana cin abincin rana. Na leƙa ta taga, na daɗe ban gane shi ba. Yana cikin riga mai tsabta, kumatunsa sun ciko, cokali a hannunsa yana kai shinkafa baki ko ƙwaya ba ta faɗuwa. Hannun hagunsa kuwa yana kan kafaɗar wani yaro, suna dariya. Dariya da sauti, irin wadda ban ji daga bakinsa ba tun ƙauye. Na tsaya da buhuna kamar wanda ya kawo maganin ciwon da aka riga aka warke.

Shi ya hango ni. Ya fito da gudu ya faɗa jikina, yana ta surutu, ga sunan malamarsu, ga famfo, ga wai ya iya rubuta sunansa. Sai ya ja baya ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi igiyar wandona, ya dubi buhun. Na fito da akushin ina jin kunya, na ce na kawo ne ko yana so. Ya waiga wajen abokansa, ya ce a hankali, "Yaya, nan ba a ci da hannu." Na ce to ba komai, na fara mai da shi cikin buhu. Sai ya ce in jira. Ya koma ciki ya fito da farantinsa da na abokin nan, ya ja ni bayan gini inda ba kowa, ya juye su cikin akushin. Ya tsuguna, ya dafa baki da hannun hagu, daidai wurin tsagar nan, ya miƙe zaune yadda ya saba.

"Ci, Yaya. Na riƙe maka."

Na ce ya sa hannu mana. Ya ce shi ya ƙoshi. Na yi bisimilla na fara, ban ɗago ba sai da na ga ƙasan akushi, har suɗin da yake nasa ne ni na yi. Ban san yunwar da ke cikina ta kai haka ba. A nan tsugune, da shinkafa a haɓa, na gane wanda ya kasa cin abinci shi kaɗai a cikinmu. Da na koma Birnin Kebbi da yamma Inna Kulu tana bakin ƙofa da tsumagiyarta. Ta dubi buhun, ta dubi cikina da ya taso, ta ce, "Wanga akushi dama ya tsage, ba ni son shi. Tafi da shi can."

Ban ga laifin kamfanin nan ba, ko a lokacin ko yanzu. Su suka ɗauki nauyin karatun Arzika har ya zama ma'aikaci a Sakkwato, ya gina gida da teburin cin abinci mai kujeru. Ni kuma na yi lebura, na yi dako, na ƙare a sayar da albasa, kuma ba kamfani ne ya hana ni zama a aji ba, taga ce. Duk sanda ya zo wurina a unguwar Badariya, da manyan kayansa da direbansa a waje, sai ya cire hula ya tsuguna a zaure ya dafa bakin akushin, ko da ya ci abinci a hanya. Shekaran bara Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu gidana cike yake da jikoki, Alhamdu lillahi, tuwo ba ya yankewa. Sai dai da an sauke tukunya kowa zai ɗauki farantinsa ya shige ɗaki, ido a kan waya. Ni kan fito da nawa zaure in zauna ina kallon hanya, duk wanda ya gifta in ce masa bisimilla, har 'yan unguwa suna cewa tsohon nan ya fara ruɗewa. Wani ya zauna, wani ya ce Alhamdu lillahi ya wuce. In ba kowa sai in tokare akushin da ƙafa in ci abin da ya samu. Akushin dai yana nan da tsagarsa, mai riƙewa ne babu.