Farin Faifan Eckhard Pohlmann

Shekara talatin da ɗaya Eckhard Pohlmann ya yi yana gyaran birkin jiragen ƙasa na cikin garin Krefeld a ƙasar Jamus kafin ya yi ritaya. Kafin wannan aiki kuwa makaɗin ganga ne. Su huɗu suka kafa ƙungiya a 1972, a wata tsohuwar masaƙa da aka rufe. Ba a rera waƙa a kiɗansu. Eckhard zai kama bugu guda ya riƙe shi minti goma sha tara ba canji, sauran ukun su ɗora ƙarar jita da ta na'urorin da suka harhaɗa da hannunsu.

Doka ɗaya gare su, Eckhard ne kuma ya kawo ta: ba a rubuta sunan kowa. A ganinsu suna ne ke mai da makaɗi kayan talla. Faifai ɗaya suka fitar, kwafi ɗari uku, fari fat, ba suna ba adireshi. Eckhard ya ɗauki guda ya aika wa Orrin Vale, mawaƙin Kanada mai jitar katako da waƙoƙin manoma da direbobi. A ɓoye yake sauraronsa, don abokansa sun raina irin wannan kiɗa. Ko a bayan ambulan bai sa sunansa ba.

Amsa ba ta zo ba. Ƙungiya ta watse a 1976, abokan nan uku suka rasu ɗaya bayan ɗaya. Tambayar ce kawai ta rage masa: mutumin nan ya saurara kuwa?

Duk ranar Alhamis, a teburinsu na mashayar unguwa, Detlef Wirtz da suka yi aiki tare ba ya barinsa ya huta.

"Sarkin ganga, Kanada ta bugo waya?"

"Ya saurara, ni dai na sani."

"Ya saurara mana. Ya zaci injin wankinsa ne ya lalace."

Bara Orrin Vale ya zo Krefeld a zagayen wasanninsa na ban kwana, yana da shekara tamanin da ɗaya. Aka shirya hira da shi da rana a ɗakin karatu na gari. Waltraud, matar Eckhard, ita ta sa masa maɓallan riga, don shekara huɗu ke nan hannayensa na rawa. Detlef ya raka su, wai ya zo kallon abin kunya.

Wata 'yar jarida ce ta yi tambayar: ko ya san kiɗan gwaji na Jamusawan wancan zamani? Ta jero sunayen ƙungiyoyi. Tafinta na fassarawa.

"Duk ban san su ba," in ji Orrin. "Faifai ɗaya na sani. Fari ne, ba komai a jikinsa. Akwai wani mai ganga a ciki da ba ya kauce wa bugu ko na ƙiftawar ido. A 1975 na turo mutum ƙasar nan, mako uku yana bin shagunan faifai yana nemansa, don da shi na so in yi aiki. Hatimin gidan waya da ke kan ambulan ɗin da aka aiko mini shi a ciki ma ya dusashe. Na haƙura na ɗauki wani."

Eckhard ya miƙe. Kujera ta faɗi a bayansa.

"Ni ne."

Orrin ya dube shi ba tare da raini ba. "Kai ne na biyar da ya faɗa mini haka, ɗan'uwa. Kowa nakan ce ya buga mini a kan tebur. Ga tebur."

Eckhard ya je ya ɗora tafukansa. Bugu huɗu na farko suka fita daidai, sai hannun dama ya ƙwace masa. Ya sake. Ya kuma sakewa. A karo na uku ko biyu bai kai ba.

"Ba komai," in ji Orrin. "Na gode da ka zo." Ya jawo hotonsa, ya rattaba sunansa da manyan baƙaƙe, ya miƙa masa.

Suka koma gida. Eckhard bai je wasan Orrin ba, ya bar wa maƙwabci tikitinsa. Ya buɗe kabad ya ciro kwafin ƙarshe da ya rage masa, ya ce Waltraud ta ba shi biro.

"Dokar taku fa, Ecki?"

"Masu dokar suna maƙabarta."

Biron ya ƙi tsayawa a hannunsa. Waltraud ta karɓa, yana faɗa tana rubutawa: sunaye huɗu, nasa a ƙarshe. Ta tambaye shi ko a aika Kanada. Ya ce yanzu kowa ma zai iya rubuta suna a farin faifai, ba zai zama shaida ba. Ta mayar da shi kabad ta rufe.