Zogalen da ya leƙa gidan Hajiya

Na ɗaga adda ke nan zan sare reshen zogalena da ya tsallaka katanga, sai na ji salati:

"Ke 'yar nan, me ya yi miki?"

Hajiya Yagana ce, maƙwabciyarmu a Dala. Na ce, "Hajiya, kunya nake ji, kullum yana ɓata miki tsakar gida."

Ta ce, "Wane ɓatawa? Tsaya ki gani!"

Sai ga kwano ta saman katanga, kwaɗon zogale ne ya ji ƙuli-ƙuli da albasa. Na yar da addar, na zauna ina ci ina ƙyalƙyala dariya.

Ashe ni ke ban ruwa, Hajiya ke girbi! Jama'a ku raba mu, reshen nan na waye?